Kaset biyu na dare ɗaya

A daren lahadi 8 ga watan Mayu na shekara ta 1977, wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka mai suna Grateful Dead ta yi wasa a wani babban zaure da ake kira Barton Hall, cikin jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York. Dubban mutane suka halarta, galibinsu ɗalibai. Aka yi kiɗa har cikin dare, aka watse, jama'a suka fito suka iske dusar ƙanƙara tana zuba ko da yake lokacinta ya wuce. Da wani wasa ne, da shi ke nan, sai labari a bakin waɗanda suka gani. To amma wannan dare bai tafi ba, domin an kama shi ta hanya biyu. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar, Betty Cantor-Jackson, ta zauna da abin ji a kunne tana karɓar sautin da ke zuwa ta waya daga mikron kowane makaɗi, tana zuba shi a kan zaren faranti irin na gidajen radiyo na da. A tsakiyar taro kuma akwai mai sha'awa da ya shigo da rakodarsa, ya ɗaga mikro, ya ɗauki abin da kunne yake ji a wurin.

Wanda ya saurari ɗauka ta farko, ya koma ya saurari ta biyu, yana iya rantsewa ba dare ɗaya ba ne. A ta farko kowace tsirkiya tana fita tas, muryar mawaƙi kamar yana zaune gaban mutum a ɗaki, amma jama'a can nesa suke, tafinsu kamar yayyafi a kan kwanon maƙwabta. A ta biyu zauren ne kansa yake magana: ana jin faɗinsa, ana jin ihun da ke tashi in makaɗa suka kai gaɓa mai daɗi, ana jin nauyin ganga yana dukan ƙirji, sai dai kalmomin waƙa sun nutse, kuma tarin wanda ke kusa da mikro ya fi gita ƙarfi. Akwai mutanen da suka ɗauki haɗa waɗannan biyun a matsayin aikinsu, suna kashe makonni a kan wasa guda, ba mai biyansu ko dala. Aiki ne da ya fi ƙarfin yadda ake zato.

Ƙungiyar ta kafu a Kaliforniya cikin 1965, ta watse a 1995 bayan rasuwar jagoranta Jerry Garcia ranar 9 ga watan Agusta. A tsakanin nan ta yi wasa fiye da 2300, kuma al'adarta ita ce ba ta maimaita waƙa yadda ta yi ta jiya. Kowane dare kayansa daban, wanda bai zo ba ya yi hasara. Wannan ne ya sa masoyanta suka fara shiga da rakoda a ɓoye, makaɗan suna gani suna kau da kai, har cikin watan Oktoba na 1984 aka ware wa masu ɗauka wurinsu a bayan teburin haɗa sauti, da tikitinsu na musamman. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sayar. Mai so sai ya aika da kaset wanda ba kome a ciki da kuɗin gidan waya, a kwafa masa, ko kuwa a yi musaya. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ji an bar haja ana kwasa kyauta zai girgiza kai, amma waɗannan kaset ɗin su ne suka yi wa ƙungiyar talla gari gari, har a farkon shekarun 1990 ta zama cikin waɗanda suka fi kowa tara kuɗin tikiti a Amurka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kaset na tebur ba ya ɗauke da dukkan kiɗan. Mai sono ba don kaset yake aiki ba, don zaure yake yi. Aikinsa ya cike abin da kunnen jama'a bai samu ba. In mai gita ya buɗe amfilinsa a kan dandali har ƙararsa ta isa bayan zaure, mai sono ba zai ƙara shi cikin lasifika ba, ko ya ƙara kaɗan ne. Ganguna ma a ƙaramin wuri da kansu suke isa. Muryar mawaƙi kuwa ba ta da wata hanya sai ta tebur, saboda haka ita ake ɗagawa. Duk wanda ya jona rakoda a wannan tebur zai tafi da murya mai tsawo kamar giginya da gita wadda da ƙyar ake jin ta. Kamar littafin kanti ne da aka rubuta kayan da aka ƙaro kaɗai, ba a rubuta waɗanda aka iske a kan kanta ba. Zaren Betty Cantor-Jackson ya tsira daga wannan aibi domin nata haɗin daban take yi, don zaren kawai, shi ya sa har yau ake yabonsa. Duk da haka zauren da mutanensa ba su cika shiga ba.

Kaset na taro kuwa sa'ar mai shi ce. In ya sami wuri a tsakiya, daidai inda sautin lasifikar dama da ta hagu suke gamuwa, ya tafi da abin kirki. In ya faɗa kusa da bango, ko kusa da mai surutu, ya tafi da amsa-kuwwa da hirar da ba ta shafi kowa ba. Amma wani lokaci abin da ya fito daga bakin taro shi ne tarihin. Ranar 17 ga watan Mayu na 1966 a garin Manchester na Ingila, wani daga cikin masu kallo ya yi wa Bob Dylan ihu da sunan Yahuza, wato ya kira shi maci amana, saboda ya bar gitar katako ya koma ta lantarki. Shekaru da yawa ana yawo da wannan ɗauka a ɓoye, da kuskuren cewa a Landan aka yi wasan, kafin a fitar da ita a hukumance cikin 1998. Da mikro bai kamo wannan kalma ɗaya ba, da ba a gane dalilin fushin da ke cikin waƙar da ta biyo baya ba.

Tun da kowane kaset yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa, hankali sai ya ce a gama su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu wannan aiki suna kiran abin da ake samu matiriks, ma'ana dai gauraye. Dan Healy, wanda ya daɗe yana riƙe da teburin ƙungiyar, ya yi irin wannan a ƙarshen shekarun 1980: ya kafa mikro a wajen teburinsa suna sauraren zaure, yana zuba abin da suka ji cikin abin da ke fitowa ta waya, nan take ana cikin wasa. Sauran dararen kuwa, waɗanda aka ɗauka a rakoda biyu da ba su san juna ba, sai da kwamfuta ta shiga gidajen mutane, manhajoji na kyauta irin su Audacity, wadda ta fito a 2000, suka samu, sannan aka iya taɓa su. Wanda ya ɗora ɗaukar biyu a kan juna haka kawai ya danna, abin da zai ji haɗin gambiza ne: kowane bugu sau biyu, kowace kalma tana bin kanta.

Dalili na farko nisa ne. Sautin da ya bi waya yana isa rakoda a take, gudun lantarki ba a jiransa. Wanda ya bi iska kuwa tafiya yake yi, mita 343 a sakan ɗaya in zafin wuri digiri 20 ne. Mai mikron da ke tsaye mita 30 daga lasifika yana jin bugun ganga bayan milisakan 87, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A takarda abin kamar ba kome ba ne. A kunne babba ne, domin in tazarar sauti biyu masu kama ta wuce milisakan 50 ko kusa da haka, kunne yakan raba su ya ji na biyun a matsayin amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen filin taro yana ganin makaɗi ya sauke gula kafin ƙarar ta iso ya san wannan. Maganinsa a fili yake: a buɗe zanen sautin biyu a fuskar kwamfuta, inda suke fitowa kamar tuddai da kwaruruka, a nemi bugu ɗaya mai kaifi, a ja kaset na taro baya har tsinin bugunsa ya hau kan tsinin na tebur.

A nan ne sabon shiga yake cewa ya gama, a nan ne kuma wahalar take farawa, saboda kusa da daidai ya fi nesa da daidai ɓarna. Sauti kaɗawa ce ta iska, turi da ja. In kwafi biyu na sauti ɗaya suka gamu turi a kan turi, sai su ƙarfafa juna. In turin wannan ya faɗa kan jan wancan, sai su kashe juna. A ɗauki sautin da ke kaɗawa sau 500 a sakan: kowace kaɗawa tana cin milisakan 2. In aka bar tazarar milisakan 1 tak tsakanin kaset biyun, wato tafiyar santimita 34 a iska, rabin kaɗawa ke nan, turi ya hau kan ja, wannan sauti ya raunana ko ya ɓace, haka ma mai kaɗawa 1500 da mai 2500, alhali na tsakaninsu suna ƙara ƙarfi. Sakamakon shi ne kiɗa mai rami rami, kamar ana jin sa ta cikin bututu. In kuma tazarar tana motsi a hankali, ramukan su ma sai su yi ta hawa da sauka, a ji wani shuuu kamar jirgin sama yana wucewa a bayan mawaƙi. Akwai wani tarko ƙarami a gefe: in a wani wuri an jona waya kai a gindi, duk turin kaset ɗaya ya zama ja, ko an jera su daidai sai nauyin ganga ya gudu. Ana gane wannan ta hanyar juya ɗaya a sake saurare, wanda ya fi cika kunne shi ne na gaskiya.

Kuma gaskiyar magana, babu wuri guda da za a ce nan ne daidai. Mikron da ke cikin taro yana jin lasifikar dama da ta hagu a lokuta dabam in ba a tsakiya yake ba, yana jin gangar da kanta daga dandali a wani lokacin, sannan bango da rufi suna maido masa da kome a makare. In aka daidaita murya, mai yiwuwa ganga ta ɗan kauce. Iskar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: kowane digiri na zafi yana ƙara wa sauti gudun kimanin santimita 60 a sakan. A sanyin daren hunturu mai digiri 15 yana yin mita 340, a zafin bazara mai digiri 40 irin na Tawa ko Yamai yana yin 355. Zauren da ya fara da digiri 20, numfashi da gumin dubban mutane suka kai shi 30, sautinsa zai riƙa isa mita 30 da saurin kimanin milisakan 1 da rabi fiye da farkon dare, kuma an riga an ga abin da milisakan 1 yake iya yi. Shi ya sa waɗansu gwanaye ba su neman tsini ya hau kan tsini. Sukan bar na taro a baya da gangan da ƴan milisakan, suna dogara da abin da Bajamushe Helmut Haas ya bayyana a bincikensa na 1949, cewa in sauti biyu suka iso kusa da juna kunne yakan haɗe su, ya ɗauki wanda ya riga isowa a matsayin tushe, na biyun ya zama faɗi da jiki kawai.

Dalili na biyu ya fi na farko cin rai, shi ne gudun zare. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, an tsara zarensa ya yi tafiyar santimita 4,76 a sakan. Babu rakoda biyu da ke yin wannan gudu daidai wa daida. In ɗaya ta fi ɗaya da kashi 1 cikin 100, cikin sakan 10 sun rabu da milisakan 100, kafin a kai ƙarshen fuska ɗaya ta minti 45 kuwa tazarar ta zama sakan 27. Da kuskuren tsayayye ne da sauƙi. Amma mai ɗauka a cikin taro da pil yake aiki, in pil ya fara rauni zaren sai ya rage gudu, ranar da aka sa shi a rakoda mai lafiya sai kiɗan ya yi ta ƙara sauri, muryoyi suna sirancewa, wajen ƙarshen wasa. Zare yakan miƙe don tsufa, ƙafafun rakoda sukan yi ɗingishi, farkon fuska da ƙarshenta ba su jan zare da nauyi ɗaya. Sannan kaset ɗin da ya iso hannu wataƙila jikan jika ne, an kwafa daga kwafi sau huɗu ko biyar, kowace rakoda a hanya ta bar nata kuskuren.

Don haka aikin yakan zama na haƙuri da lissafi. A nemi alama a farkon waƙa, misali ƙwanƙwasa sanda da mai ganga yake yi kafin a shiga, ko ƙarar mikro da ta kuɓuce. A nemi wata a ƙarshen waƙar. A auna tsawon da ke tsakaninsu a kowane kaset, a raba wannan da wancan, lissafin da kowane ɗan lakwal ya sani, a sami gwargwadon da za a miƙa ko a tsuke ɗaya don ya yi tsawon ɗaya. Sai a koma tsakiyar waƙar a duba. In a can sun rabu, to kuskuren ba miƙaƙƙe ba ne, sai a raba waƙar biyu a sake, a raba huɗu a sake. Ƙungiyar da ke iya yin minti 20 a kan waƙa guda tana iya tilasta wa mutum alamomi da yawa a cikinta. Ga kuma giɓi: mai kaset dole ya juya fuska duk minti 45, mai zaren faranti dole ya canza faranti, kuma makaɗa ba su tsayawa jiran kowa. Sa'a ita ce ba safai su biyun suke juyawa a lokaci guda ba, sai a ɗebo daga wannan a yi wa wancan faci.

Saura tambaya: cikin biyun wane ne mai gaskiya? In aka miƙa na taro ya bi na tebur alhali na tebur ɗin ne mai gudu, an jera su amma duka a kan kuskure. Bambancin kashi 6 cikin 100 yakan ɗaga sauti daga maɓalli ɗaya na piyano zuwa na kusa da shi, ƙasa da haka ma mai kunne yana jin mawaƙin ya koma yaro. Ana neman shaida daga kayan kiɗan da ba a murɗa su ana cikin wasa, irin su piyano, tun da an san sautin da Turawa ke daidaita kayansu da shi yana kaɗawa sau 440 a sakan. Amma shaidar da ta fi ban sha'awa ita ce wadda kowa yake tsinewa: ƙugin nan na lantarki da ke shiga waya ya ɓata ɗauka. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a sakan, ta Nijar da ta Faransa sau 50. In aka auna ƙugin da ke ƙarƙashin kiɗan Amurka aka iske 61, zaren yana gudu fiye da ƙa'ida da sama da kashi 1 da rabi cikin 100, ba gardama. Dattin da mai sono ya kasa sharewa a daren wasa shi ne ya zama agogo bayan shekara 40.

Zuwan na'urorin lamba, tun daga kaset na DAT da Sony ya fitar a 1987, ya rage wannan ciwon kai amma bai kashe shi ba. Irin waɗannan na'urori suna auna sauti sau dubu 44 da 100 ko sau dubu 48 a sakan, kowace da ɗan agogonta a ciki, kuma agogo biyu ba su taɓa yarda da juna gaba ɗaya ba. A ƙaddara sun bambanta da kashi 1 cikin dubu 20: a awa ɗaya milisakan 180 ne, a wasan awa 3 ya wuce rabin sakan. Daɗinta dai kuskuren nan miƙaƙƙe ne, alama biyu ko uku sun isa.

Bayan an jera sai a gauraya, nan kuwa lissafi ya ƙare, kunne ya karɓa. Ba wata ƙa'ida da ta ce kashi kaza na tebur, kashi kaza na taro. Galibi na tebur ake sawa gaba, a shigo da na taro daga ƙasa sannu sannu har a ji ɗakin ya buɗe, a tsaya kafin kalmomi su fara nutsewa. In zauren mai gurnani ne sai a rage wa na taro ƙasan sautinsa. In kuwa tebur ne ya rasa gita da bas saboda dalilin da aka faɗa a baya, to na taro ne zai ɗauki nauyin, a bar shi da ƙarfinsa. Inda maƙwabcin mai mikro ya buɗe baki sai a sassauta, inda taro ya ɗauki waƙa da kansa sai a ɗaga. A wannan gaɓa ce amana take shigowa. Mai haɗi yana iya ɗaga tafi ya mai da wasa mai sanyi kamar an yi abin mamaki, yana iya ɗebo ihu daga wani wuri ya dasa inda ba a yi ba. Yanzu ma akwai manhajojin da ke zare murya daga cikin kiɗa, irin wadda ta sa aka iya fitar da wata waƙar Beatles a 2023 daga tsohon kaset na John Lennon. Da irinsu ana iya cire surutun maƙwabci ɗungum. Amfani ne, amma abin da aka samu ya ƙara nisa da abin da ya faru, kuma mai saurare ba shi da hanyar sani sai an gaya masa.

Masu wannan aiki sun gane haka, shi ya sa suka kafa wa kansu doka mai tsanani wadda ma'aikacin dwan zai yaba. Kowace ɗauka tana tafiya da takardarta, kamar yadda kaya ke tasowa daga Kwatano da takardunsa: wace rana, wane zaure, wane irin mikro, a ina aka tsaya, wace rakoda, kwafi na nawa ne, wa ya zuba shi a kwamfuta, an gyara gudu ko ba a gyara ba, daga minti kaza zuwa minti kaza faci ne. Ba su karɓar MP3 a musaya domin yana zubar da wani sashe na sautin don rage nauyi. Sun fi son irin FLAC, wanda ya fito a 2001, mai matsewa ba tare da zubarwa ba. Har lambar hatimi ake haɗawa, wadda in aka taɓa ko ɗigo ɗaya na ɗaukar ba za ta dace ba. Ita kanta ƙungiyar, da ta fara fitar da tsofaffin wasanninta a jerin Dick's Picks daga 1993, takan buga gargaɗi a bayan faifan cewa mai saye ya sani akwai tabo a cikin kayan.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san dandalin kiɗan Hausa, domin a nan taron ma ɗan wasa ne. Mawaƙi yakan karkata baiti saboda wani alhaji ya miƙe zai yi kari, guɗa takan tashi ta canza wa makaɗa hannu, a filin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa cikin 1975, kirarin ɗan kokowa da amsar jama'a abu ɗaya ne. Ɗaukar tebur kaɗai tana barin baitin ta yar da dalilinsa. Yau mai sono yana iya sa katin ajiya a teburinsa, a cikin taro kuma wayoyi ba su ƙirguwa, ke nan kayan gauraye sun samu fiye da yadda Amurkawan 1977 suka yi mafarki. Sai dai wayar hannu muguwar abokiyar aiki ce a nan. Tana rage sauti da kanta in ƙara ta yi yawa, ta ƙara in an yi shiru, sai kiɗan ya riƙa numfashi. Mai ita ba ya tsayawa: taku ɗaya gaba ko baya ya canza tazarar da milisakan 1 ko 2. In kuma ɗaukar ta bi ta WhatsApp an riga an matse ta an zubar da mai yawa. Waya ɗaya da aka kafe a kan sanda a tsakiyar fili, daga farkon wasa har ƙarshe, ta fi hamsin da ke hannu.

Akwai sauran magana ɗaya, ta mallaka. A 1986 aka yi gwanjon kayan Betty Cantor-Jackson da ke ajiye a wani ɗakin haya, zarurrukanta suka faɗa hannun masu saye, daga 1987 kwafinsu ya fara zagaya masoya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sunan da daren Cornell ya yi, yawancinsa daga wannan zare ne. A 2012 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa wasan cikin jerin ɗaukar da ƙasa za ta adana, a 2017 kuma, bayan zarurrukan sun koma ma'ajiyar ƙungiyar, aka fitar da shi a kasuwa, shekara 40 cif bayan daren.

Kafin nan an yi rigima. Wata ma'ajiya ta intanet mai suna Internet Archive, wadda aka kafa a San Francisco cikin 1996, ta buɗe sashen wasannin dandali a 2002, dubban ɗaukar Grateful Dead suka taru a can, na tebur da na taro, kowa yana saukewa kyauta. Cikin watan Nuwamba na 2005 masu kula da dukiyar ƙungiyar suka nemi a hana saukewa. Masoya suka harzuƙa, dubbai suka sa hannu a takardar ƙorafi suna barazanar daina sayen kayan ƙungiyar, mai bas ɗinta Phil Lesh ya fito fili ya ce ba a shawarce shi ba. Cikin ƴan kwanaki aka sasanta: na taro a ci gaba da saukewa, tun da mai sha'awa ne ya ɗauke shi da rakodarsa daga iskar da ya biya kuɗin shiga, na tebur kuwa, wanda ya fito daga wayar ƙungiya kuma shi take sayarwa, a saurara a wurin amma kada a tafi da shi. Gauraye, wanda rabinsa na wannan ne rabinsa na wancan, sai aka lissafa shi da na tebur. Mutumin da ya kashe makonni yana jera tsini a kan tsini, yana auna ƙugin lantarki, in ya kai aikinsa can ana jin sa daga ko'ina cikin duniya, amma ba maɓallin saukewa a gefensa.